Alƙalamin Gwani da Hoton Cikin Waya

 

Sharhinmu na yau kan wani ciniki ne da ya shigo wa matasanmu ta waya. Za a nuna maka zane, ko rubutun zayyana, ko hoto, wanda babu shi a takarda, babu shi a bango, yana cikin kwamfuta ne kawai, a ce ka saya, idan ka saya ya zama naka kai kaɗai, duk duniya babu mai irinsa. Masu harkar suna kiran takardar shaidar wannan ciniki NFT.

Abin ya yi tashe ne a watan Maris na 2021, lokacin da gidan gwanjon Christie's ya sayar da wani zanen kwamfuta na wani Ba'amurke, Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, a kan dala miliyan 69 da 'yan kai. Mai sayen bai ɗauki komai ya kai gida ba. Zanen yana nan a intanet, duk mai so zai duba, ya sauke a wayarsa. A cikin watan nan dai aka sayar da saƙon farko da Jack Dorsey ya rubuta a Twitter kan dala miliyan 2.9. Bayan shekara guda, a watan Afrilun 2022, wanda ya saya ya fito da shi kasuwa yana neman dala miliyan 48. Wa'adin gwanjon ya cika, tayi mafi tsoka bai kai dala 300 ba.

To me aka saya ke nan? Bari in yi bayani dalla-dalla, domin nan ne ake ruɗa mutane. Akwai wata rajista da ake ajiyewa a dubban kwamfutoci lokaci guda, ta yadda mutum ɗaya ba zai iya goge abin da aka rubuta a ciki ba. A wannan rajista ake shigar da layi ɗaya mai cewa lamba kaza ta koma hannun asusu kaza. Wannan layin shi ne abin da aka biya kuɗi a kansa. Galibi hoton kansa ma ba ya cikin rajistar, adireshin inda aka ajiye shi kawai ake sawa. Idan kamfanin da ke ajiye hoton ya rufe, adireshin ya zama banza. Kuma sayen lambar bai ba ka haƙƙin mallakar zanen ba, sai in an rubuta haka a yarjejeniya dabam. Mutumin Maiduguri ya san wannan matsala a harkar fili: takarda tana hannunka da sa hannu da hatimi, amma takardar ba ta tabbatar da cewa wanda ya sayar maka shi ne mai filin ba. Rajistar nan tana iya shaida cewa wane ya sayar wa wane, amma ba ta san wanda ya zauna ya yi zanen ba. A watan Janairun 2022 kamfanin OpenSea, wanda a lokacin shi ne babbar kasuwar irin waɗannan kaya, ya faɗa da bakinsa cewa sama da kashi 80 cikin 100 na abubuwan da aka shigar ta hanyarsa ta kyauta na sata ne, ko jabu, ko tarkace.

Wani zai ce wannan ai rigimar Turawa ce, ina ruwan Borno? Ni kuwa ina ganin babu garin da ya fi mu cancantar sa baki a wannan magana, domin tun kafin a san kwamfuta sana'ar da ta fitar da sunan Borno a duniya ita ce juyar littafi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya yaba wa mutanen Borno kan yadda suka riƙe karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi, alhali a lokacin tsakanin Sakkwato da Borno akwai tsamin dangantaka. Baturen nan Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823 zamanin Shehu Laminu, ya ba da labarin cewa ana kai Alƙur'anai rubutun Borno har Arewacin Afirka da Masar, ana biyan dala 40 zuwa 50 kan kowane guda. Ku dubi wannan da kyau. Mutanen Masar da Tarabulus ba su rasa Alƙur'ani ba, kuma wanda aka rubuta a Borno bai fi nasu ko da harafi ɗaya ba. Hannun marubucin suke biya, da amanarsa.

Wanda ya taɓa zama kusa da gwani yana rubutu ya san abin da nake nufi. Yana zaune a buzu, ya ɗora takarda a cinya, alƙalamin kara a hannu, ya fiƙe bakinsa daidai kaurin da yake so. Babu Mus'hafi buɗe a gabansa, daga ka yake zubowa. Sai ya gama baƙi tukuna, shafi bayan shafi, sannan ya dawo da jar tawada ya bi wasali ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga rawaya a kan hamza, ya sa kore inda ya dace. Bayan nan a zo kan zayyana, a yi wa hizifi da rubu'i da sumuni da wurin sujada alama a gefe, kowane marubuci da irin tasa. Ba a ɗinke takardun, warwatse suke, a haɗa su cikin tadarishi a sa a gafaka. Kafin ya bar hannunsa sai wasu alarammomi sun bi shi baƙi da wasali sun duba. Aikin watanni ne, wani lokaci ya haura shekara. Idan ka kara takardar a hasken rana za ka ga inda alƙalami ya sha tawada da yawa, da inda ya fara bushewa, da inda aka kankare kuskure aka gyara. A tsofaffin kuma za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, shaidar cewa daga Italiya ta fito, ta biyo Tarabulus, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi.

Duk gwanayen Borno abu ɗaya suke rubutawa, ruwayar Warshu, babu mai ikon ƙara ɗigo ko ragewa. Amma ka ajiye rubutun mutum biyu a gaban dattijon tsangaya, zai ce maka wannan hannun wane ne, wancan kuma almajirin wane ne. Ashe ke nan a wurinmu kwafi bai taɓa zama abin kunya ba. Abin da ake tambaya shi ne wa ya rubuta, a wurin wa ya yi karatu, wa ya duba masa. Shi ya sa marubuta da yawa kan sa sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen littafi, wani lokaci har da ranar da suka gama, su roƙi addu'ar mai karatu. Irin wannan rubutun ƙarshe ne ya sa masanin nan A. D. H. Bivar, a wata maƙala da ya buga a 1960, ya iya nuna wa duniya wani Alƙur'anin Borno mai ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669, zamanin da Birnin Gazargamu ke cikin ganiyarsa.

Kada wani ya ce na sa Littafin Allah cikin jerin kayan zane na sayarwa. Maganar Allah ta fi ƙarfin farashi. Hadiyar da ake bayarwa ta takarda ce da tawada da idon bawan Allah da ya ƙare a kan aikin. Wannan ɓangaren nake magana a kai.

Da injin ɗab'i ya zo, malamanmu ba su guje shi ba. A Kano an ɗauki rubutun hannun Sharif Bala aka buga, ya shiga tsangayu da makarantun allo ko'ina a Arewa, har nan Borno. A Madina, ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 ta yaɗa rubutun Usman Ɗaha, mutumin Siriya, zuwa kowane lungu na duniya, kuma yau rubutun nasa ne ke cikin wayoyin yawancinmu. Miliyoyin kwafi ne, kuma babu wanda aka yaudara. Mai sayen bugu ya san bugu ya saya, ya biya kuɗin bugu, sunan marubucin kuma bai ɓata ba. Babu wanda ya ce masa nasa shi kaɗai ne a duniya. Wannan shi ne ciniki na gaskiya, kuma da shi nake auna na yanzu.

Idan aka auna, hoton kwamfuta ya bambanta da rubutun gwani ta wata fuska da ba a iya gyarawa. Rubutun gwani biyu ba sa zama ɗaya ko da mutum ɗaya ne ya yi su. Hoton kwamfuta kuwa, idan aka juye shi sau dubu, na dubun daidai yake da na farkon, babu ƙwararren da zai bambanta su. Saboda haka duk wanda ya ce maka hoton da ke wayarka babu irinsa, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Lambar rajistar ce guda ɗaya. Idan ka san haka, kuma ka ga kana son ka biya don ka tallafi mai zanen, madalla. Idan kuwa ka biya ne da tunanin gobe za ka sayar wa wani da riba ninki goma, to ka shiga sahun caca, kuma mun ga yadda matasanmu suka ƙarar da data da barci a 2024 suna dangwalar fuskar waya suna jiran arzikin da bai zo wa yawancinsu ba.

Amma adalci ya wajaba. Akwai wani ɗan Najeriya, Osinachi, mutumin Aba, wanda ke zane da manhajar Microsoft Word, wadda muke buga takardun ofis da ita. A watan Oktoban 2021 Christie's ta sayar da ayyukansa a Landan ta wannan hanya. Mutum irinsa, wanda aikinsa a kwamfuta aka haife shi, ba shi da takardar asali da zai miƙa wa mai saye. Rajistar ta ba shi hanyar da zai ce ni na yi wannan, ga wanda ya biya ni. Wannan amfani ne na gaske, ban raina shi ba. Yana aiki ne saboda an san Osinachi, an san shi da kansa ya shigar da aikin. Wato an koma ga tambayar dattijon tsangaya: hannun wa ne?

Matsalarmu a nan gida ma ta fi wannan sauƙin gani, kuma ta fi ciwo. Ku zaga wuraren buga fosta da kalanda a cikin gari. Za ku ga rubutun Barnawi mai kyau, da zayyanarsa, an buga a leda mai sheƙi, an sa a firam, ana sayarwa don ratayawa a falo. Ka tambayi yaron shagon wa ya rubuta, zai ce maka a waya ya samu. Wanda ya turo masa ma a waya ya samu. Wani ne ya kai ziyara wurin wani malami, ya ɗauki hoton shafi, ya ɗora a Facebook, daga nan ya bi duniya. Sau da yawa ma ana yanke gefen da sunan marubucin yake don firam ya zauna daidai. Mai injin ya ci, mai firam ya ci, mai talla ya ci, wanda ya yi rubutun yana can yana neman kuɗin maganin ido. Ba na zargin yaron shagon da mugunta, bai san akwai haƙƙi a ciki ba. Amma rashin saninsa bai mayar wa malamin da komai ba.

Haka abin yake ga masu ɗinkin hula. Tun da rikici ya kore mutanen Bama daga garinsu a 2014, da yawansu, maza da mata, da allura da zare suka riƙe kansu a Maiduguri. Hula ɗaya mai kyau takan ci makonni. Yau ana ɗaukar hoton zanen, a shigar a kwamfuta, inji ya fitar da irinta da yawa cikin ɗan lokaci. Hular inji ba haramun ba ce, talaka ma yana son ya sa hula ranar Juma'a. Laifin yana wurin ɗan kasuwar da zai miƙa wa baƙo ta inji ya rantse masa cewa ɗinkin Bama ce. Ya cuci mai saye, ya kuma karya farashin matar da ke zaune a gindin dalbejiya tana ƙirga zare.

'Yan fim na Kano sun riga kowa ɗanɗana wannan. Kasuwar faifai ta mutu a hannun masu tura fim a waya, irin waɗanda muke gani da kwamfutocinsu a Kasuwar Jagwal da bakin tashoshi, har masu shirya finafinai suka koma YouTube. Marubutan littattafan Hausa, yawancinsu mata, da ke sayar da labari ta WhatsApp kan 'yan ɗaruruwan naira, kullum kukansu ɗaya ne: mutum guda ya biya, ya watsa wa rukuni goma. Akwai doka. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta haɗa da ayyukan da ke intanet, ta ba mai aiki damar neman a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba, ta kuma tabbatar masa da haƙƙin a ambaci sunansa. Sai dai gwanin da ke unguwar Gwange ko Shehuri bai taɓa jin labarinta ba, kuma babu wanda ya je ya karanta masa ita da Kanuri ko da Hausa.

Duk da wannan, kada ku ji kamar ina cewa a hana ɗaukar hoton rubuce-rubucenmu. Akasin haka nake kira, kuma da gaggawa. A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday Market ta Maiduguri. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da tsakiyar gari, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu da kayan jikinsu kawai. Rabon da a ga irin wannan tun 1994. Wanda ke gudun ceton 'ya'yansa cikin dare ba ya tsayawa neman gafaka, kuma kowa ya san abin da kwana biyu cikin ruwa ke yi wa takarda da tawada. Abin da ya sa rubutun hannu ya yi daraja, wato kasancewarsa guda ɗaya, shi ne kuma ya sa idan ya tafi ya tafi ke nan.

A nan hoton kwamfuta yake da ranarsa. Tsofaffin Alƙur'anan Borno da Bivar ya ɗauki hotonsu, daga baya masani Dmitry Bondarev ya zauna a kansu, ya karanta ƙananan rubuce-rubucen da ke tsakanin layuka, waɗanda aka yi da tsohon harshen Kanembu, kakan Tarjumo da malamanmu ke fassara da shi har yau. Da hoto aka yi yawancin wannan aiki. A Timbuktu, bayan an ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba a watan Janairun 2013, an duƙufa ɗaukar hoton waɗanda aka tserar zuwa Bamako, kuma a 2022 aka ɗora shafuka sama da 40,000 a intanet don kowa ya gani. Babu wanda ya ce hoton shi ne littafin. An ce ga hoton littafi kaza, na gidan wane, kuma wannan ya wadatar.

Akwai abin lura guda. A watan Nuwamban 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda ya tattara hotunan kayan tarihin masarautar Benin sama da 5,000 da ke warwatse a ƙasashe 20, yawancinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Aiki ne mai kyau, amma mutanen Benin ba su karɓi hoto a madadin kayansu ba, sun ci gaba da neman a dawo musu da na asalin. Mu ma idan baƙo ya zo da kyamara da kuɗi, hoto zai tafi da shi, littafin ya zauna a gidan masu shi, kuma a bar musu kwafin hoton da takardar yarjejeniya a harshen da suke ji.

Saboda haka ga kirana. Jami'ar Maiduguri tana da cibiyar nazarin al'amuran Sahara, kuma Majalisar Shehun Borno tana da kunnen malamai. Su haɗa hannu da gwamnatin jiha a bi tsangayu da gidajen malamai unguwa-unguwa, a ɗauki hoton abin da ya rage, da yardar masu shi. Kowane hoto a rubuta masa sunan marubuci, da malaminsa, da gidan da littafin yake. Gwanayen da ke raye a yi musu rajista da samfurin hannunsu, ta yadda mai son rubutun Barnawi a Kano ko Khartum ko Landan zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuɗin kuma ya faɗa asusun mai alƙalami kai tsaye. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ta zo gidajen rediyo ta yi wa mutane bayanin dokar 2023 da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa.

Ku kuma matasa masu waya, yawancinku jikokin waɗannan malamai ne. Idan ka ɗauki hoton rubutun kakanka, ka nemi izininsa, ka sa sunansa a jiki kafin ka tura. Mai shagon buga fosta, ka tambayi mai rubutun kafin ka buga, ka ware masa kasonsa. Mai saye, idan aka ce maka abu na asali ne, ka tambayi wa ya yi shi, a ina yake, nawa zai samu daga kuɗin da za ka biya. Idan mai sayarwa ya kasa amsa waɗannan, ka biya kuɗin kwafi kawai, ko ka riƙe kuɗinka.

 Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya da hasken ido, Ya zaunar da Borno lafiya.